Jawaban Abubakar Tafawa Ɓalewa: Wanne Ne Ya Fi Nauyi?

Wani malami da ke koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a nan birnin Sakkwato ya aiko mini da tambaya a kan jawaban marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko. Ya ce duk shekara idan ranar 1 ga Oktoba ta zagayo, gidajen rediyo da talabijin sukan sako guntun jawabin da marigayin ya yi ranar samun 'yancin kai, har ɗalibansa sun ɗauka cewa iyakar abin da mutumin ya taɓa faɗa ke nan. Yana so ya san ko wannan jawabi shi ne mafi girma a cikin jawabansa, kuma idan akwai waɗansu da suka cancanci a karanta wa ɗalibai, waɗanne ne.

Malam, jawabin ranar 'yanci shi ne ya fi shahara, amma a ganina wanda ya fi nauyi shi ne wanda ya yi a Majalisar Dokokin Jihar Arewa a Kaduna a watan Agusta 1950. Sai dai shawarata ita ce kada ka tsinci jawabi guda ka ba yara su haddace. Ka bi jawaban bi da bi daga 1947 zuwa 1966, domin ta haka ne ɗalibi zai gane cewa mutumin da ya karɓi takardun 'yanci a Legas ya taɓa tsayawa a gaban majalisa ya ce bai ga wata ƙasa guda mai suna Nijeriya ba, ya ga abin da ya sauya masa ra'ayi, sannan ya ga inda iya maganarsa ta yi masa rana da inda ta gaza.

Abubakar malamin makaranta ne kamarka kafin ya shiga siyasa. An haife shi a 1912 a ƙasar Bauchi, ya yi karatu a Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koma ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama shugabanta, kuma a 1945 yana cikin malaman Arewa da aka tura Jami'ar Landan ƙaro ilmin koyarwa. Ba ɗan sarauta ba ne, ba attajiri ba ne, kuma ba shi da jaridu irin waɗanda suka tara wa Nnamdi Azikiwe magoya baya. Iya magana ce ta ɗaga shi. Yana da murya mai kauri da daɗin saurare, wadda ta sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya, ba ya gaggawa, ba ya hargowa, kuma yakan jera hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya yadda malami ke yi a aji. Wanda ya karanta littafinsa Shaihu Umar zai tarar da irin wannan natsuwa a Hausarsa.

Jawabinsa na farko da ya ja hankalin ƙasa ya yi shi ne a Majalisar Dokoki ta Legas a watan Maris 1947. A wannan shekara ne tsarin mulkin Gwamna Richards ya fara aiki, kuma shi ne karo na farko da wakilan Arewa suka zauna a majalisar dokoki ɗaya da wakilan Kudu, domin kafin nan majalisar Legas ba ta yi wa Arewa doka, Gwamna ne yake yi da kansa. Abubakar ya miƙe ya ce tun da aka haɗe Arewa da Kudu a 1914, Nijeriya ƙasa ɗaya ce a takarda kawai, kuma haɗin kanta niyya ce ta Turawa wadda mutanen ƙasar ba su kai gare ta ba. Ya kuma yi wata magana mai zafi, cewa idan Turawa suka tattara suka tafi a wannan lokaci, mutanen Arewa za su ci gaba da yaƙin da aka katse musu har sai sun dangana da teku.

Wannan magana ta ƙarshe tana yawo har yau a Facebook da WhatsApp, masu son raba ƙasa suna kafa hujja da ita, masu ƙin Arewa su ma suna kafa hujja da ita, kuma dukansu ba sa faɗin shekarar da aka yi ta. Bai dace mu mutanen Sakkwato mu yi tinƙaho da ita don ta tuno da yaƙe-yaƙen Daular Usmaniyya ba, domin tsoro ne ya haife ta. A lokacin Kudu ta yi wa Arewa fintinkau a ilmin boko, akawunan ofisoshin gwamnati da ma'aikatan gidan waya da na tashoshin jirgin ƙasa a Kano da Zariya da Gusau yawancinsu 'yan Kudu ne, jaridun Legas kuma suna kallon wakilan Arewa a matsayin 'yan amshin shatan Turawa. Abin da ke damun Abubakar shi ne kada Bature ya tafi wani ya zauna a kujerarsa. Wannan damuwa ce ta sa wakilan Arewa suka tsaya kai da fata a babban taron Ibadan na Janairu 1950 cewa sai an ba Arewa rabin kujerun majalisar tarayya, kuma suka samu, kujera 68 daga cikin 136.

Wata bakwai bayan taron Ibadan, mutumin da ya tsare wa Arewa mutuncinta a gaban 'yan Kudu ya juyo ya faɗa wa Arewa gaskiya a cikin gidanta. A watan Agusta 1950 ya gabatar da ƙuduri a majalisar Kaduna yana neman a naɗa kwamitin bincike mai zaman kansa ya duba tsarin mulkin En'e, wato hukumar sarakuna da Turawa ke mulkin jama'a ta hannunta, ya ba da shawarar yadda za a gyara shi, kuma a bar jama'ar Arewa su tattauna rahoton kafin a zartar da kome. A cikin bayaninsa ya soki dokar da ta mayar da sarki shi kaɗai ne hukumar En'e, ba dole ya bi shawarar majalisarsa ba muddin Razdan, Baturen da ke kula da lardi, bai hana shi ba. Ya ce talakawa ba su ga wani canji a matsayinsu ba tun zuwan Turawa, har yanzu da ƙarfi ake mulkinsu, kuma ba a ɗauke su masu ta cewa a harkar mulki ba. Ya ce cin hanci da rashawa sun ratsa kowane mataki da kowane sashe, har ma'aikacin En'e yana da kuɗin da ya zama masa tilas ya riƙa kai wa na sama da shi, wato abin da muka sani da sunan gaisuwa.

Sai ka fahimtar da ɗalibai irin wurin da aka yi wannan magana kafin su gane nauyinta. A wancan zamani En'e ce ke da kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari da baitulmali, ita ke karɓar haraji da jangali, ita ke ɗaukar malamin makaranta aiki ta kuma kore shi. 'Yan majalisar da yake wa magana ta hannun En'e-En'e suka shigo majalisar, yawancinsu kuwa ma'aikatanta ne, shi kansa ta wannan ƙofa ya shigo. A gefe guda ga Majalisar Sarakuna, inda Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yake gaba da kowa. Mutumin da ba shi da gidan sarautar da zai jingina da shi ya tsaya a irin wannan zaure ya ce tsarin da ke ciyar da su duka ya zama cikas ga ci gaban ƙasa. A jawabin ranar 'yanci babu abin da zai yi asara, kowa tafi yake jira ya yi. A 1950 kuwa aikinsa da makomarsa ya sa a gaba.

Ba shi kaɗai ne mai wannan koke ba. A cikin wannan wata na Agusta aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma Malam Aminu Kano, wanda suka yi koyarwa tare a Bauchi, yana makarantar horon malamai ta Maru a tsohon Lardin Sakkwato, inda ya ajiye aiki kafin ƙarshen shekarar ya rungumi siyasa. Bambancinsu shi ne, NEPU tana ganin tsarin ya ruɓe har saiwa, shi kuwa Abubakar yana ganin za a iya ceto shi idan sarakuna suka yarda a gyara tun da wuri. Saƙonsa gare su shi ne gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuma ɗaliban Sakkwato su sani cewa wannan suka ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, domin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin Kitabul Farƙ ya lissafa irin waɗannan kyaututtuka da ake kai wa masu mulki a cikin miyagun al'adun da ya tashi yaƙa.

Jawabin bai tafi a banza ba. An gudanar da bincike, a 1952 aka soke matsayin sarki shi kaɗai a matsayin hukuma aka mayar da shi sarki tare da majalisarsa, a 1954 aka yi sabuwar dokar En'e, kuma a cikin shekarun nan ne aka ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci. Sauran gyaran ya jira zuwan soja, waɗanda suka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, har aka kai ga tsarin ƙananan hukumomi na 1976. Tambayar da ya yi kuwa, wato wa ke riƙe da kuɗin talaka a matakin ƙasa kuma a gaban wa zai yi bayani, ba ta mutu ba, tun da sai a watan Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ɗalibin da ya fito daga Tambuwal ko Gwadabawa ko Isa zai iya ɗaukar jawabin 1950 ya auna ƙaramar hukumarsa da shi a yau.

Tsakanin 1950 da 1957 ne ra'ayinsa game da Nijeriya ya juya. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya Ministan Sufuri, don haka yana Legas lokacin rikicin Maris 1953, sa'ad da Anthony Enahoro ya nemi a ba da mulkin kai a 1956, Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a ce sai lokacin da ya dace, aka yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas, rikicin ya kai ga zubar da jini a Kano a watan Mayu. Amma aikin minista ya nuna masa cewa gyaɗa da audugar Arewa ba su da hanyar fita sai ta dogo da tashoshin jirgin ruwa na Kudu. A 1955 ya je Amurka duba yadda ake sufuri a kogin Misisipi, ya dawo yana cewa idan mutanen da suka fito daga asali daban-daban sun iya gina ƙasa guda a can, to 'yan Nijeriya ma za su iya. Da aka naɗa shi Firayim Minista a ƙarshen Agusta 1957, jawabinsa na farko kira ne na haɗin kai, kuma ya bi maganar da aiki, ya jawo jam'iyyar AG ta Obafemi Awolowo cikin gwamnati tare da jam'iyyarsa ta NPC da NCNC ta Azikiwe, bisa hujjar cewa shirin karɓar 'yanci ya fi ƙarfin jam'iyya guda. A cikin wannan lokaci ne, a 1958, Alhaji Shehu Shagari, wanda ke wakiltar Sakkwato ta Yamma tun 1954, ya zama sakatarensa na majalisa. Shi ma tsohon malamin makaranta ne, kuma na daɗe ina ganin alamar wannan zama tare a yadda Shagari yake magana cikin sanyi lokacin da ya zama shugaban ƙasa.

Jawabin 1 ga Oktoba 1960 ya yi shi ne a Filin Sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira da sunansa, bayan Gimbiya Alexandra ta miƙa masa takardun tsarin mulki a madadin Sarauniyar Ingila. Ya fara da cewa shekara biyu ke nan kowane ɗan Nijeriya yana ɗokin wannan rana, domin a taron Landan na 1958 aka tsayar da ita. Ya amsa cewa an ƙosa ganin waɗansu ƙasashe sun riga mu, amma ya ce tarihi zai nuna cewa an yi ginin ƙasar a tsanake kuma a kan tushe mai ƙarfi. Ya yi alkawarin cewa ba za a gaza don rashin himma ba. Sannan ya yi godiya mai tsawo, ga 'yan mishan saboda makarantu da asibitoci, ga waɗanda suka kawo bankuna da kasuwancin zamani, da ma'aikatan Ingila waɗanda ya ce mun san su da farko a matsayin iyayen gida, daga baya jagorori, a ƙarshe abokan aiki, amma a kullum a matsayin aminai. Ya rufe da yi wa Sarauniya addu'a.

Ɗalibai masu kaifin hankali za su tambaye ka, kuma suna da gaskiya, yadda za a kira waɗanda suka ci Sakkwato da yaƙi a watan Maris 1903, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi suka kashe shi, suka kuma baje Satiru a 1906, aminai a kullum. Ni ma ina ganin godiyar ta wuce kima, kuma jawabin bai ba waɗanda suka sha ɗauri da wahala wajen neman 'yanci haƙƙinsu yadda ya kamata ba. Amma ka ajiye musu shi kusa da jawabin da Patrice Lumumba, Firayim Ministan Kwango na farko, ya yi ranar 30 ga Yuni 1960 a gaban Sarkin Beljiyam, inda ya zayyana bulala da wulaƙancin da aka yi wa mutanen Kwango. Lumumba gaskiya ya faɗa, amma kafin mako biyu sojoji sun yi tawaye, lardin Katanga ya ɓalle, ƙasar ta rikice. Abubakar yana magana ne wata uku bayan haka, ma'aikatun gwamnati da rundunar soja cike da Turawan da ba a shirya maye gurbinsu ba, kuma yana so duniya ta ga Nijeriya ba za ta bi sahun Kwango ba. Wannan shi ne uzurinsa, sai dai matasan lokacin ba su karɓa ba, kuma zanga-zangar da ɗaliban jami'a suka yi a kan yarjejeniyar tsaro da Ingila tana cikin abin da ya sa aka soke ta a Janairu 1962.

Kwana shida bayan 'yanci, ranar 7 ga Oktoba, ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a birnin New York, ranar da Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a majalisar. Wannan jawabi ya fi na ranar 'yanci ƙwari nesa ba kusa ba, domin a cikinsa ne ya shimfiɗa manufofin hulɗar Nijeriya da ƙasashen waje. Ya ce Nijeriya tana son zama lafiya da kowace ƙasa, kuma duk da yawan jama'arta ba ta da kwaɗayin ƙasar kowa. Ya ce ba za ta manta da tsofaffin abokanta ba, amma ba za ta zama 'yar bi-yarima ta Gabas ko ta Yamma ba, kuma za ta haɗa kai da sauran ƙasashen Afirka har kowace ta sami 'yancinta. Ya ɗauki lokaci mai tsawo a kan Kwango, yana gargaɗin kada a mayar da Afirka fagen fama na manyan ƙasashe. Nan ma aiki ya bi magana. Nijeriya ta tura sojoji da 'yan sanda Kwango, a Janairu 1961 ta katse hulɗa da Faransa saboda gwajin makamin nukiliya a hamadar Sahara, a watan Maris kuma Abubakar yana cikin shugabannin da suka matsa wa Afirka ta Kudu lamba a Landan kan wariyar launin fata har ta fice daga Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila. A watan Yuli na shekarar ya ziyarci Shugaba Kennedy, ya kuma yi jawabi a Majalisar Wakilan Amurka.

Jawabin da nake sa wa a matsayi na biyu bayan na 1950 shi ne na Addis Ababa a watan Mayu 1963, a taron da Sarki Haile Selassie ya kira aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Nahiyar a rabe take a lokacin. Rukunin Kasablanka, wanda Kwame Nkrumah na Gana ya fi kowa ɗaga muryarsa, yana neman a kafa gwamnati ɗaya ta Afirka nan take. Rukunin Monrobiya, inda Nijeriya take, yana son a bi a hankali. Abubakar ya ce sharaɗin farko na haɗin kai shi ne ƙasashe su girmama juna, babba da ƙarama daidai suke, kuma kada wata ta riƙa ƙulla wa wata makirci a ɓoye, maganar da kowa ya san inda ta dosa domin wata huɗu kafin nan aka kashe Shugaba Sylvanus Olympio na Togo. Ya ce a fara da abin da hannu zai iya kamawa, wato ciniki da ilmi da hanyoyi da sadarwa, mutanen Afirka su san juna tukuna kafin a yi zancen gwamnati guda. Ya kuma amsa cewa Turawa sun yanka ƙabila ɗaya sun raba ta ƙasashe da yawa, amma duk da haka Nijeriya ta yarda da iyakokin da ake da su, domin sake zana su fitina zai haifar.

Yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar 25 ga Mayu ta fi kusa da ra'ayinsa a kan na Nkrumah, kuma a taron Alƙahira na 1964 aka tabbatar da batun iyakoki. A shekarar nan ce kuma Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka kafa hukumar kula da Tafkin Chadi, irin haɗin kan da yake nufi. Babu inda ya kamata a yi muhawara a kan wannan jawabi kamar Sakkwato, domin mu ne iyakar ta ratsa ta tsakiyarmu. Mutumin Illela da na Birnin Ƙonni dangin juna ne, Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri gida ɗaya suka fito, kuma mun ga yadda kasuwanni suka mutu lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Ina ganin Abubakar ya yi daidai da ya ƙi a taɓa iyakokin, amma rabin maganarsa na biyu, wato a sauƙaƙe ciniki da zirga-zirga har iyakar ta daina ciwo, shi ne gwamnatocin da suka biyo baya ba su cika ba. Ka raba ajinka biyu, waɗansu su tsaya wa Nkrumah waɗansu su tsaya wa Abubakar, za ka ji hujjojin da yaran bakin iyaka za su kawo daga gidajensu.

Kada kuma ka ɓoye wa ɗalibai jawabansa na cikin gida daga 1962, ko da yake ba su da daɗin karantawa. Ranar 29 ga Mayu 1962 ya gabatar wa majalisar tarayya ƙudurin sa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, bayan rigimar Awolowo da Firimiyan jihar, Samuel Akintola, ta kai ga jifa da kujeru a majalisar Ibadan, aka naɗa Dokta Majekodunmi ya riƙe jihar. A yajin aikin gama-gari na Yuni 1964 ya yi magana ta rediyo ya ba ma'aikata wa'adin komawa aiki, suka yi kunnen uwar shegu da shi har sai da gwamnati ta zauna da su a kan ƙarin albashi. Bayan zaɓen Disamba 1964, wanda 'yan hamayya suka ƙaurace wa a wurare da yawa, an yi kwanaki Shugaba Azikiwe bai kira shi ya kafa gwamnati ba, sai ranar 4 ga Janairu 1965 aka sasanta bisa alkawarin gwamnatin da za ta ƙunshi kowane ɓangare. Sai zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965, wanda aka tafka maguɗi a cikinsa, aka shiga ƙone-ƙone da kashe-kashe na watanni, amma gwamnatin tarayya ta ƙi sa dokar ta-ɓaci, alhali a 1962 faɗan cikin zauren majalisa ya ishe ta hujja.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jam'iyyar Akintola ƙawar NPC ce a lokacin, kuma Abubakar mataimakin shugaban NPC ne, shugabanta Sardauna yana Kaduna. A New York da Addis Ababa yana magana da yawun ƙasa guda kuma ba mai riƙe masa hannu, a Legas kuwa kowace kalma sai ya auna ta da jam'iyya da ƙawayenta da Firimiyoyin jihohi masu ƙarfin da ya kusa nasa. Ina girmama mutumin ƙwarai, kuma riƙon amanarsa ba abin gardama ba ne, domin ya bar mulki bai tara dukiya ba. Amma mutumin da ya iya faɗa wa sarakuna gaskiya a 1950 bai faɗa wa abokan tafiyarsa irinta a bainar jama'a a 1965 ba, kuma ƙasar ta ɗanɗana kuɗarta. Taronsa na ƙarshe shi ne na shugabannin Ƙasashe Renon Ingila da ya shugabanta a Legas ranakun 11 da 12 ga Janairu 1966, karo na farko da aka yi irinsa a wajen Landan, a kan tawayen Ian Smith, shugaban gwamnatin Turawa 'yan tsiraru a Rodeshiya (Zimbabuwe ta yanzu). Ya yi nasarar zaunar da Firayim Ministan Ingila Harold Wilson da shugabannin Afirka wuri ɗaya a daidai lokacin da hanyar Ibadan ba ta biyuwa. Daren 15 ga wata sojoji suka ɗauke shi daga gidansa, suka kashe Sardauna a Kaduna da Akintola a Ibadan, bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abeokuta aka kai ta Bauchi. Allah ya jiƙansu.

Akwai wata wahala da za ka haɗu da ita a aji, ita ce kusan duk waɗannan jawabai da Turanci aka yi su, kuma talakan Sakkwato na wancan zamani ta bakin tafinta ko ta shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo ko ta rediyo ya ji su. Don haka kada ka dogara da guntayen da ake yaɗawa a intanet, domin sau da yawa an yanke musu kai da ƙafa, wani lokaci ma an haɗa maganar wata shekara da ta wata. Cikakkun rubuce-rubucen muhawarorin majalisa su ne abin nema, kuma Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa (Arewa House), dukansu a Kaduna, su ne wuraren da mai bincike zai fara dosa, malaman sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo kuma za su iya yi maka jagora. Idan lokacin zango bai ishe ka ka bi dukansu ba, ka ɗauki huɗu, na 1947 da na 1950 da na ranar 'yanci da na Addis Ababa, ka sa ɗalibai su fassara sakin layi biyu ko uku na kowanne zuwa Hausa da kansu, su rubuta shekara da wuri da waɗanda ake wa magana a saman takardar kafin su fara.